Bayan Kalangu Ya Yi Shiru

 Na san wata tana fara karanta wannan za ta ce, to yau kuma me ya kai marubuciyar tamu fagen dambe, ita da muka saba jin ta da zancen kishiya da uwar miji? Ku dai yi mini haƙuri ku bi ni har ƙarshe, za ku ga zancen bai bar tsakar gida ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne, ran nan ina zaune ina tsintar shinkafa sai ƙanin maigidana ya kunna waƙar Shago ta marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace a wayarsa. Wallahi ban san lokacin da na ajiye faifan ba. Waƙa ce da na sha ji tun ina ƙarama, amma ranar sai ta zo mini da wani abu daban, domin tana ƙarewa wani tsoho maƙwabcinmu na Gwandu ya faɗo mini a rai, mutumin da ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana dambe, kuma babu wani kaset da aka taɓa ambaton sunansa a ciki. Ni ma ba zan faɗi sunan ba, saboda 'ya'yansa da jikokinsa suna nan. Baba muke ce masa, matarsa kuma Inna.

Kafin in ce komai bari in ba Ɗan Anace haƙƙinsa. Duk wanda ya san Hausa ya san mutumin nan gwani ne, ba na wasa ba. Yadda yake zuga gwarzonsa, yadda yake jera kirari, yadda yake sakar wa abokan karawa habaici, da yadda muryarsa ke hawa kan kalangu ta sauka, ko ke da ba ki taɓa leƙa fagen dambe ba sai kin ji tsikar jikinki ta tashi. Ya yi wa Shago, ya yi wa Ɗandunawa, kuma yau da yawanmu ba mu san kamannin mutanen nan ba, amma mun san sunayensu saboda bakinsa. Waƙoƙin maza dama haka suke, ko na Kassu Zurmi da ya yi wa 'yan tauri da mafarauta, ko na Gambu mutumin jiharmu ta Kebbi da ya yi suna da waƙar ɓarayi. Aikinsu su tsuma namiji ya manta da tsoro. Ta wannan fuska ban ga abin da zan rage wa Ɗan Anace ba.

Inda nake da magana shi ne wurin da waƙar ta tsaya. Waƙar ɗan dambe ba ta san tsufa ba. Gwarzon da ke cikinta kullum yana kan ganiyarsa, kullum yammacin kaka ne, kullum abokin karawa yana ƙasa. Ba za ki ji safiyar gobe ba, lokacin da ido ya kumbura, haƙori yana girgiɗi, hannu ya ƙi ɗaguwa. Sannan ga wani abu da ban lura da shi ba sai da na girma: kafin a sami Shago guda ɗaya, sai an sami maza da yawa da suka yarda suka ɗaure hannu suka tsaya a gabansa. Idan babu su babu waƙar. Amma rabon da waƙa ke ba su shi ne faɗuwa da dariyar 'yan kallo. Daga nan ba a sake waiwayarsu, ba a ce ga garinsu, ga sana'arsu, ga wadda ke jiran su a gida. Baba yana cikin irin waɗannan.

Mahauci ne ɗan mahauci, kuma kun san dambe asalinsa wasan rundawa ne, shi ya sa kalangu yake kiɗan fawa kuma yake kiɗan dambe. Da kaka ake yi, idan an kai amfanin gona gida, hannun manoma ya yi nauyi, ana bukukuwa ana yanka. Mahauta su bi gari gari, da rana su sayar da nama, da yamma su sa zare. Yadda Inna ta ba ni labari, Baba ya fara ne yana ɗan yaro mai riƙe wa manya jaka, yana ɗebo musu ruwa, yana kallon yadda ake naɗe hannu da ƙyalle a bi shi da zare har ya yi tauri. A nan ya koyi cewa hannun da aka ɗaure shi ne mashi, wanda aka sake shi ne garkuwa, turmi uku ake yi, kuma da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa ke nan, ko da ranka da lafiyarka.

Ya shiga fage Gwandu tana cikin Jihar Arewa Maso Yamma. Aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976 yana dambe. Aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991 yana dambe. Jiha uku ya yi wasa a cikinsu, alhali bai sauya ko ƙofar gida ba. Iyakar yawonsa ƙauyukan Gwandu, su Dalijan da Kambaza, sai Jega, sai Kalgo inda ya ga Inna ya aure ta, sai kuma Argungu idan an yi bikin kamun kifi, wanda ake haɗawa da kokawa da dambe. Bai je Kano ba, bai je Legas ba. Abin da ya fi girma da ya taɓa ciyowa shi ne rago da turmin atamfa, sauran kuwa ɗan abin da 'yan kallo suka liƙa masa a goshi ne, shi ma a raba da makaɗa da yaran da suka rako shi.

Ni na tashi na same shi gemu ya fara furfura. Lokacin ina 'yar talla, nakan kai gyaɗa bakin fage, to a nan na ga abin da har yau yake idona. Wani saurayi ne ya taso masa, yaron da Baba da kansa ya koya wa ɗaurin hannu. Dama haka ake yi, yaro mai neman suna tsohon hannu yake nema, don in ya kashe shi gari ya ɗauka. A turmi na biyu yaron ya same shi a muƙamuƙi, Baba ya durƙusa. Jama'a, kafin ƙura ta lafa makaɗin da ya shekara ashirin yana kaɗa wa Baba take ya juya kalangunsa ya koma bayan yaron. Fage ya kaure da ihu, wasu na cewa tsoho a koma gida a riƙe carbi. Baba ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya je ya kama hannun yaron ya ɗaga sama, ya fita ta bayan mutane. Da asuba da aka aike ni sayen nama, na same shi a rumfarsa, fuska a kumbure, yana sara yana aunawa kamar ba abin da ya faru. Kaka na zagayowa kuma ya sake ɗaure hannu.

To ku gaya mini, wace waƙa ce ta taɓa ɗaukar wannan? A wurina nan ne jarumtar take, amma kalangu ba ya zuwa rumfar nama da asuba.

Yanzu bari in juyo kan kaina, don kada in zama mai ganin hakin idon wani. Mu marubutan littattafan soyayya mun fi mawaƙa laifi. Ku duba littattafanmu, tun daga na shekarun 1990 da aka riƙa bugawa a Kano har zuwa waɗanda ake turawa a waya yau. Wane ne saurayin? Ɗan Alhaji ne, ko likita, ko matuƙin jirgi, ko wanda ya dawo daga karatu a Ingila, da doguwar mota da ƙamshin turare. In talaka ne, to kafin littafi na biyu ya ƙare za a gano ashe ɗan sarki ne da aka sace yana jariri. In kuwa kin ga mahauci ko ɗan dambe ko ɗan kokawa a ciki, to shi ne mugun da aka yi wa yarinya auren dole da shi, ƙazami, mashayi, mai dukan mata.

Ni da hannuna na rubuta irin wannan. A littafina na biyu na buƙaci mugun miji, sai na ɗauko ɗan dambe. Da na zo siffanta shi, ban wahalar da kaina ba, na ɗauki karyayyen haƙorin Baba, da tabon da ke girarsa, da yadda yake karkata kai in ana magana saboda kunnensa ɗaya ya mutu, na liƙa wa mugun nan. Na sa shi yana dawowa daga fage yana huce haushi a kan matarsa. Littafin ya karɓu, mata suka yi ta bugo mini waya suna tsine wa mutumin, ni kuwa ina jin daɗi wai na iya rubutu. Ban taɓa kawowa a raina zancen zai kai inda ya kai ba.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta koma wurin danginta a Kalgo. Wata rana biki ya kai ni garin, na ce bari in shiga in gaishe ta. Na same ta a tsakar gida tana shanyar gumi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta sa aka kawo mini ruwa da fura, sai da na sha sannan ta ce, "Ɗiyata, jikata ta karanta mini littahin nan naki. Dut na ji."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Inna ai ƙagaggen labari ne, ba da kowa nake ba."

Ta ce, "Haƙorin ma ƙage shi kinka yi? Da kunnen?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Shekara talatin da wani abu muna tare da mutumin ga, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ko da wasa. Cewa shikai hannun ga na wanda ya ɗaure nashi ne. Ke ga ki ga ƙohwar ɗakina tun kina rarrahe, mi ya hana ki tambaye ni?"

'Yan'uwa, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, ta kuma ce tunda rubutu nake so in gyara zama in ji na gaskiya. Kada ku zaci yabonsa ta zauna yi. Abin da ta gaya mini ya fi abin da na ƙaga ɗaci, sai dai ɗacinsa daban ne.

Ta ce duk daren da ya fita dambe ba ta runtsawa, tukunyar ruwa tana kan murhu har ya dawo. Ita ke gasa masa fuska da tsumma, ita ke murza masa kafaɗa da man kaɗanya, ita ke dama masa kunu mai ruwa ruwa idan muƙamuƙi ya ƙi tauna. Idan ya kwanta jinya sati biyu rumfa a rufe, kuɗin guminta da na adashinta su ke ciyar da gidan. Ta ce ranar sunan ɗansu na uku ba ya gari, yana can wani ƙauye ana wasa, sai wansa ne ya tsaya aka raɗa suna. Sau biyu tana yin yaji a kan ya bar dambe, sau biyu yana zuwa biko da alkawari, kaka na yi ya ji kalangu daga nesa, sai ta ga yana kai da kawowa a tsakar gida kamar wanda kunama ta harba, har ita da kanta ta ce masa tafi.

Na ce, "Inna to me yake samu a ciki haka?"

Ta ce ta taɓa tambayarsa. Ya ce mata a kasuwa shi mahauci ne, yaro ƙarami ma daga nesa yake ƙwala masa kira ya ce a yanko masa na kaza, kuma akwai gidajen da ko ya tara dukiya ba za su ba ɗansa aure ba saboda sana'arsa. Amma in ya shiga fage, hakimi ma shi yake kallo. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ce da muka sani muke kauda kai. Muna cin naman, muna ƙyamar mai yankan. Littafina kuwa bai yi komai ba illa ƙara wa wannan ƙyamar gishiri.

Da ƙarfi ya ƙare bai bar fagen ba. Ya koma ɗaure wa yara hannu, ya zama mai raba dambe, shi ke shiga tsakani in an yi kisa don kada a ƙara wa na ƙasa. Ta ce yaran da suka bi ta hannunsa ba ta san adadinsu ba, kuma kowanne sai ya tilasta masa ya riƙe sana'a, in ba ka zo rumfa da safe ba, ba ka sa zare da yamma. A ƙarshen rayuwarsa hannu ya riƙa rawa har ba ya iya riƙe wuƙa, mantuwa ta yi yawa, wani lokaci ya kira ta da sunan mahaifiyarsa. Ita ke ba shi abinci a baki. Ranar da ya rasu mahauta sun cika maƙabarta, amma ba a faɗa a rediyo ba.

Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa yawan bugu a kai yana yi wa ƙwaƙwalwa illa sannu a hankali, illar da ba ta bayyana sai bayan shekaru. Ku dubi Muhammad Ali na Amurka, wanda duniya ta sani, sau uku yana zama zakaran damben boksin na masu nauyi. Ya yi wasansa na ƙarshe a 1981, a 1984 aka tabbatar yana da cutar karkarwar jiki, a 1996 duniya ta kalle shi yana kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta hannunsa na rawa, ya rasu a 2016. Matarsa Lonnie, da ya aura a 1986, shekara talatin ta yi tana ɗawainiya da shi. Kowa ya san faɗace-faɗacensa, mutum nawa ne suka san sunanta? To shi ma ke nan mai kuɗi da manyan asibitoci, ina ga Baba da Inna da tukunyar ruwan zafi?

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu ƙoƙari wajen tunawa da 'yan wasansu. Tun 1975 suka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma takobi suke bai wa zakara. Filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Dosso kuma sunan Salma Ɗan Rani. Abin a yaba ne. Amma ko can ɗin zakara ake tunawa, ba waɗanda suka shekara ashirin suna zuwa ana kayar da su a zagayen farko suna komawa gona ba.

A nan gida kuma dambe ya sauya. Ya bar jiran kaka, ya koma gidajen wasa na dindindin a birane kamar Kano da Abuja, ga ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa, ana sa babur har da mota. Yanzu kuma ya shiga waya, yaranmu suna kallo a YouTube da Facebook. Ku karɓi wayar ɗanku ku duba abin da ake turawa: 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, naushi, faɗuwa, ihu, shi ke nan. Ɗan Anace ko ba komai yakan ɗauki lokaci yana gina mutum da kalmomi. Wannan kuwa an yanke komai an bar kisan tsurarsa. Yaro ɗan shekara 14 yana kallo yana ganin mota, ba ya ganin mai ba da abinci a baki.

Wata za ta ce, haba, ai mawaƙi ba malamin tarihi ba ne, an kira shi ya zuga ne, in ya tsaya waƙar kumburin ido wa zai ba shi ko sisi? Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, shi ya sa na ce laifinmu ya fi nasa. Shi a fage yake, abin da ya gani a fage ya faɗa. Mu kuwa mata marubuta a cikin gida muke, mu ke shiga ɗakin da namiji ba ya shiga, mu ke jin abin da ake faɗa a bakin murhu. Rabin labarin da waƙa ta bari a hannunmu yake, muka watsar muka tafi neman ɗan Alhaji.

Kuma kada a ce ina tallan dambe. Ni 'yar Gwandu ce, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, garin karatu, na tashi ina jin malamai suna cewa addini ya hana dukan fuska, suna kuma yin tir da layu da guraye da tsage-tsagen da wasu ke dogara da su. Akwai kuma masu shaye-shaye a cikin 'yan wasan yau, wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma akwai masu dukan matansu kamar yadda ake samu a cikin 'yan boko da 'yan kasuwa. Ɗana in ya ce zai yi dambe ba zan yarda ba. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya ba wani abu rayuwarsa tun ƙuruciya har furfura, ya ciyar da iyalinsa da guminsa, ya faɗi a gaban jama'a ya tashi bai riƙe kowa a zuciya ba, ya fi ƙarfin a mayar da shi abin dariya a waƙa ko dodo a littafi.

Ke budurwa, in mai neman ki ɗan wasa ne, dambe ne ko kokawa ko ƙwallo, kada kirarin da ake masa ya ruɗe ki, kada kuma ki raina shi don ba ya kama da samarin littafi. Tambayi sana'ar da yake yi da safe. Dubi yadda yake in an ci shi, don ranar faɗuwa ta fi ranar nasara yawa, kuma ke za ki zauna da shi a ranar. Ke uwa, in ɗanki ya kamu da son wasa, kai shi ya gaishe da wani tsohon ɗan wasa na unguwarku, ya ga hannunsa, ya ji ta bakin matarsa, sannan ku yi magana. Ku kuma 'yan'uwana marubuta, kafin mu ɗauki fuskar maƙwabci mu liƙa wa mugu, mu tuna yana da mata, yana da jikokin da suka iya karatu.

Littafin nan nawa na daina sake buga shi. Na faɗa wa Inna haka da na koma Kalgo, sai ta yi dariya ta ce wanda ya riga ya shiga hannun mutane fa? Ban sami amsar da zan ba ta ba. Ta ƙulla mini shinkafa a leda ta ce in kai wa yara.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya jiƙan Ɗan Anace da duk musulmin da suka riga mu, Ya saka wa Inna da ire-irenta da alheri. Inda na yi kuskure a gafarce ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in muna da rabon ganawa.

Taku har kullum.